Rabin Hannun Hajja Insaf

Da babban makanike Usta Girgis ya ɗaga bonet ɗin jar motar, bai taɓa komai ba. Ya daɗe a tsaye yana kallo, sannan ya ce a kira masa Injiniya Midhat, shugaban sashen gyara.

"Injiniya, wannan ba kayanmu ba ne," in ji shi.

Motar ƙirar Jamus ce, mai ƙofa biyu, irin wadda kuɗinta zai sayi gida a Tagammu, unguwar masu kuɗin Alƙahira, har a yi canji. Da safe janwe ya kawo ta daga hanyar Ain Sukhna, inda injinta ya buga tana tsaka da gudu. Mai ita, Nadir Shalabi, ɗan masu kamfanin tayil, yana zaune a ɗakin baƙi yana shan kofi hankali kwance, don ya san yana da garanti.

Kamfanin da ke dillancin motar yana sayar da wasu kayan ƙarin ƙarfi: babban turbo, akwatin iska, bututai, da sabon tsari da ake sa wa ƙwaƙwalwar mota. In a wurinsu aka ɗaura, garanti na nan daram, inji ya mutu su ba ka sabo. In kuwa wani ya kwance ko noti ɗaya a waje, kai da motarka sai Allah. Nadir a wurinsu ya ɗaura. Amma abin da Girgis ya gani a ƙarƙashin bonet jabu ne, kuma shi ya kashe injin.

Kafin azahar Nadir ya fasa kofin kofi, ya kai ƙara cewa an yi masa sata. Kafin la'asar lauyan kamfani ya kai tasa, cewa Nadir ya sayar da kayan asali, ya sa jabu, ya zo cin garanti da zamba. In ta kamfani ta tabbata, ba inji kaɗai Nadir zai rasa ba, gidan yari ne ke jiransa.

Aka miƙa maganar ga Mukaddam Rif'at al-Banhawi, babban jami'in 'yan sanda na sashen zamba. Rif'at bai san motar tsere ba. Tasa motar ta girmi ɗansa na fari, kuma ƙarin da ya taɓa yi mata bai wuce matashin zama ba. Amma a shagon ubansa ya tashi, a kasuwar kayan gwanjo ta Wikalat al-Balah, ya san yadda kaya ke fita daga hannu su shiga wani.

Washegari Injiniya Midhat ya tarbe shi a bakin gareji, farar riga a goge, ƙamshin turare, yana kiransa Basha, laƙabin girmama manyan jami'ai.

"Ka haskaka mana wuri, Basha. Shayi ko kofi?"

"Mota."

Midhat ya kai shi. Ya nuna masa akwatin iska, ya ƙwanƙwasa da farce. "Ji ƙararsa. Roba ce aka yi wa fenti. Namu daga Jamus yake zuwa, a gaban mai mota muke fasa kwali."

"Wa ya ɗaura na asalin?"

"Usta Girgis, ni kuma na duba. Ta fita daga nan lafiya lau. Abin da ya faru bayan nan, Basha, yaran nan ka san su." Ya ciro waya ya nuna hoto: jar motar a Hirafiyyin, unguwar makanikai, a ƙofar garejin wani da ake kira Bolbol. "Wani abokin cinikinmu ya turo mini. Mai garanti me ya kai shi Hirafiyyin?"

Rif'at ya sunkuya. Akwai wani faffaɗan ƙarfe da ya gitta a saman inji, yana manne da gefen akwatin iska. A kan ƙarfen akwai tabo, launin ƙasa mai duhu: tafin hannu da babban yatsa. Sauran yatsun babu. Tabon ya yanke ƙat a daidai inda akwatin ya fara, kamar an sa wuƙa.

"Wannan fa?"

Midhat ya yi dariya. "Jahilci, Basha. Ranar da ya karɓi motar, uwarsa ta zo da rago da mahauci har ƙofar kamfani, ta tsoma hannu a jinin ta ɗora. Mota mai ƙwaƙwalwa, a ce jinin rago ne zai tsare ta."

"Ka ci naman?"

"An aiko mini da cinya. Ba a mayar da hannun kyautar Hajja baya."

Rif'at ya ƙara duban tabon.

Nadir ya zo ofishin Rif'at da lauya da gilashin rana a goshi. Rif'at ya sa lauyan ya zauna a baya.

"Me ya kai ka Hirafiyyin?"

"Ban je ba."

Rif'at ya juya masa hoton. Nadir ya dubi lauya, lauya ya dubi silin.

"To, na je. Amma ba inji ba."

"Sai me?"

Nadir ya gyara gilashin da ke goshinsa.

"Nadir Bey, ina da mutane a waje suna jira, wasunsu an sace musu kuɗin magani," in ji Rif'at, yana jan laƙabin girmamawar Bey.

"Gilas na je a baƙanta mini."

"Wanda doka ta hana."

"Shi ya sa ban so faɗi ba, Basha."

"Ana maganar shekaru a kurkuku, kai kana ɓoye mini tarar ɗan sandan hanya. Wa ke tuƙa motar ban da kai?"

"Ba kowa. Ko ƙanena ban ba shi makulli."

"Ta taɓa kwana a hannun wani?"

"Sau ɗaya. Sabis na farko, a watan Agusta, a kamfanin. Na kai ta Alhamis, Injiniya Midhat ya ce layi ya yi tsawo, in bar ta sai Lahadi."

"Da ka karɓo, ka buɗe bonet?"

Nadir ya dube shi kamar ya tambaye shi ko yana wanke wa kansa kaya. "In buɗe in ga me?"

Garejin Bolbol yana ƙarshen wani lungu, tsakanin mai walda da mai sayar da koshari, haɗin shinkafa da taliya. Bolbol gajere ne mai tumbi, da tabon ƙuna a damtse. Yana ganin takalman Rif'at ya san ko waye.

"Wallahi Basha janaretan nan nawa ne, ina da rasit."

"Ba janareta ya kawo ni ba. Jar motar ɗan Shalabi."

"A'a, angon motar nan! Gilas kawai. Tsaye ya yi a kaina kamar ina yi wa matarsa allura. Na ce bari in leƙa inji in ba idona abinci, ya ce in na taɓa bonet sai ya kira ubansa."

"Kana ɗaura irin kayan nan?"

"Jabun? Kullum. Amma ni ina faɗa wa mutum gaskiya: wannan zai ba ka gudu, kuma wata rana zai bar ka a titi. Ya yarda, mu ɗaura."

"In na kawo maka na asali, wanda aka ciro daga wata mota, za ka saya?"

Bolbol ya yi tsaki. "In sayar wa wa? Basha, masu zuwa nan ƙara suke so, mota ta yi ihu 'yan mata su waiga. Jabu ya ishe su. Mai kuɗin sayen na asali kuwa, ba ƙarfen yake saya ba, garanti yake saya. Garanti kuwa ba ni ke ba da shi ba. In ka kawo shi nan, sai dai in ɗora tukunyar shayi a kai."

Rif'at ya sayi koshari a maƙwabta ya ci a tsaye. Ubansa ba ya tambayar wa ya saci kaya sai ya fara tambayar wa zai saye su. Kayan nan, a duk faɗin Alƙahira, wuri ɗaya ne suke da daraja.

Hajja Insaf, mahaifiyar Nadir, tana zaune a unguwar Misral Gadida, a falo mai kujeru masu ruwan zinariya, amma ita a ƙasa take zama. 'Yar garin Tanta ce, kuɗin tayil bai canza mata zama ba. Ba ta bari Rif'at ya yi tambaya ba sai da ya ci gurasar feteer da zuma.

"Ɗana ba ɓarawo ba ne, ya ɗana. Wawa ne. Akwai bambanci."

"Hajja, ranar rago nake so ki tuna mini."

"Me zan manta? Mota ja kamar tumatir, kowa a unguwa da idonsa. Na ce sai an zubar da jini. Limamin masallacinmu ya ce ba addini ba ne, na ce to Malam, naman dai sadaka ne ko? Aka yanka a ƙofar kamfani, na tsoma hannu zan ɗora a bayanta kamar yadda ake yi, sai yaron nan ya riƙe ni. Wai fenti! Wai Mama fentin daga Jamus yake. Na ce ni ma daga Tanta nake. Ƙarshe dai aka buɗe gaba na sa a ciki, inda ba mai gani."

"Wa ya buɗe miki?"

"Injiniyan nan mai turare. Yana dariya, amma na ga ya matsa baya kada jini ya taɓa shi."

"Duka hannun kika ɗora?"

Ta ajiye kofin shayi. "Kai ɗan wace ƙasa ne? Yatsu biyar ke kore mugun ido. Wa ya taɓa sa rabin hannu?" Ta buɗe tafinta a gabansa, yatsu a ware. "Haka na danna, da ƙarfi, rabi a kan ƙarfe rabi a kan baƙin akwatin nan sabo."

"Yanzu tafi da babban yatsa kawai suka rage."

"To an sace mini yatsu huɗu," in ji ta. "Shi ya sa ta mutu a hanya. Ka nemo su."

Rif'at ya koma kamfanin a lokacin da Midhat ya fita cin abinci. Ya sami dattijo Ammu Subhi, mai kula da sito, yana cin burodi da cuku a kan kwali.

"Irin kayan ƙarin ƙarfin nan, nawa ke gare ka a ajiye?"

"Ko ɗaya, Basha. Na ɗan Shalabi shi ne na ƙarshe. Tun farkon bazara kwantenarmu ke tashar jirgin ruwan Iskandariyya, banki ya ce babu dala. Mutane na ta kira suna zagi."

"Wato tun daga nan ba a ɗaura wa kowa ba."

Subhi ya tauna a hankali. "Daga sitona dai bai fita ba."

"Daga sitonka."

"Ni sito aka ba ni, Basha, ba gareji ba."

Usta Girgis yana ƙarƙashin wata mota. Ya fito a kan katako mai taya, ya zauna. A wuyan hannunsa akwai ɗan zanen gicciye da ya koɗe.

"Kai ka yi wa jar motar sabis a Agusta?"

"A'a. Ina Asyut, mun je Dronka bikin Budurwa Maryam, ni da matata da surukata. Kowace shekara nake zuwa, kowa a nan ya sani. Coci ne ya ɗebe mu a bas, cocin ya dawo da mu."

"Da ka dawo, ka ga wani abu da ya ba ka mamaki?"

Girgis ya dubi ƙofa. "Ina da 'ya'ya a makaranta, Basha."

"Ni ma. Faɗa."

"Motar Dakta Wa'il, shuɗiya, irin wannan sak. Na bar ta tana jiran kaya daga Jamus. Na dawo na ji ta tana fita, da kunne na san an ɗaura. Na tambaya, aka ce mini Injiniya ya samo ta jirgin sama. Ban ƙara tambaya ba."

Dakta Wa'il likitan gyaran hanci ne a unguwar Muhandisin. Da aka kira shi, ya ce ba shi da lokaci. Rif'at ya ce ana so ne a tabbatar garantinsa bai faɗi ba. Ya zo kafin kowa.

Rif'at ya sa aka jera motocin biyu, ja da shuɗiya, hanci ɗaya. Ya tara Midhat, lauyan kamfani, Nadir da lauyansa, da Girgis. Hajja Insaf ba a gayyace ta ba, amma ta zo, aka kawo mata kujera ta ƙi zama.

"Dakta, wa ya ɗaura maka kayan nan?"

"Injiniya Midhat da hannunsa, ranar Juma'a, gareji a rufe. Ya ce alfarma ce, kada in faɗa wa kowa don akwai waɗanda suka riga ni a layi."

"A gabanka aka fasa kwali?"

"Ya ce kwastan sun riga sun fasa."

"Ka taɓa buɗe bonet?"

"Ni? In yi me?"

"Usta, buɗe."

Girgis ya ɗaga. Baƙin akwatin iska yana sheƙi, na asali, ba mai musu. Da farko ba a ga komai ba. Rif'at ya karɓi fitilar hannu ya haska ta gefe, sai ga su sun fito a kan baƙin: layuka huɗu, launin ƙasa, a ware, sun yanke ƙat a bakin akwatin.

"Kwance shi, Usta. Ɗora a jar."

Girgis ya kama aiki. Ya cire jabun, ya zaunar da na asalin a gurbinsa. Yatsu huɗu suka haɗu da tafinsu, layi ya bi layi, har da gurbin zoben da Hajja ke sawa a yatsan tsakiya.

"Ga su nan," in ji Hajja Insaf. "Nawa ne."

Midhat ya gyara wuyan riga. "Basha, ni kawo mini aka yi. Usta Girgis ne ya ce yana da wani a Dubai."

"Ni?" in ji Girgis.

"Zauna, Usta." Rif'at ya juya ga lauyan kamfani, don shi ne zai kai labari sama. "Ustaz lauya, ka bi ni a hankali. Hannun nan an ɗora shi a ƙofarku ranar da mota ta fita, ma'aikatanku sun ci naman. Wato ta fita da kayan asali. Da Nadir Bey ne ya cire, sai ya nemi mai saye, kuma babu. A Hirafiyyin ba sa so. Mai so yana son garanti, garanti kuwa daga ofis ɗaya yake fita, da makullin mutum ɗaya. Sito babu kaya tun bazara. Motocin nan biyu sun kwana a nan a Juma'a guda, a lokacin Usta na Asyut tare da bas guda na shaidu. Wanda ya riƙe jar har Lahadi, shi ne ya ɗaura wa shuɗiya. Kaya ɗaya, an sayar sau biyu. Ya yi lissafin cewa jabun zai riƙe har kwantena ta iso, ya mayar da sabo a sabis na gaba ba wanda ya sani. In kuma ya mutu kafin nan, ga hoton Hirafiyyin a ajiye."

Lauyan kamfani ya rufe jakarsa. "Za mu janye ƙara. Inji kuma, garantin Nadir Bey bai faɗi ba, tunda ba a taɓa injin a waje ba."

"Nawa fa?" in ji Dakta Wa'il.

"Naka, Dakta, sai mun zauna."

"Ku zauna? Ni aka ce alfarma aka yi wa!"

Aka bar su suna yi. Rif'at ya fita da Midhat zuwa motar 'yan sanda. Bai sa masa ankwa ba, ba inda zai gudu da irin waɗannan takalma. Da suka zauna a baya, direba bai tayar ba tukuna, Rif'at ya ce:

"Abu ɗaya ya rage mini, Injiniya, ba na rubutawa ba ne. Kai kaɗai a gareji, yini guda, ga fetur ga tsumma. Shafa ɗaya, da yau Nadir ne zaune a nan. Ba ka ga yatsun ba ne?"

Midhat ya dubi bayan kujerar direba.

"Na gan su."

"To?"

"Na jiƙa tsumman. Yana hannuna." Ya buɗe tafinsa ya duba. "Ana kiran sallar Juma'a a lokacin. Na ce mutum yana cikin irin wannan aiki, kuma ya goge hannun tsohuwa da ta sa don tsari? Uwata ma ta sa wa motata ta farko. Na ce bari, baƙi a kan baƙi, wa zai gani. Likita ba ya buɗe bonet."

"Kai da ka ce jahilci ne."

"Jahilci ne mana, Basha," in ji Midhat. "Amma kai za ka goge?"

Rif'at ya taɓa kafaɗar direba suka tafi.

Sai da kwantena ta fito daga Iskandariyya aka sa wa jar motar sabon inji. Ranar karɓa, Rif'at ya biyo don a sa hannu a takardar rufe ƙara, ya tarar da mahauci a ƙofar kamfani yana wasa wuƙa. Hajja Insaf ta naɗe hannun riga. Da aka yanka, ta tsoma hannunta har wuya, ta wuce bonet ɗin da Girgis ya buɗe mata, ta zagaya baya, ta danna tafinta a kan jan fentin Jamus, yatsu biyar a ware, inda duk wanda ke bin motar zai gani.

Nadir ya buɗe baki.

"Ka ce wani abu?" in ji ta.

"A'a, Mama."

Aka naɗe wa Rif'at kafaɗar rago a jarida. Doka ba ta yarda ya karɓa ba. Ya sa ta a kujerar baya, kusa da matashin zama, ya tayar da tsohuwar motarsa a karo na biyu, don na farko ba ta kama ba.